Abin da Muka Tattaro daga Nazarin Markus 6:1-6 a Garwa

Ƙungiyarmu ta nazarin Littafi Mai Tsarki a Garwa ta tattauna yadda mutanen Nazarat, garin da Yesu ya girma, suka ƙi shi. Sun san shi masassaƙi, ɗan Maryamu, har sunayen 'yan'uwansa suka lissafa, sai sanin ya zame musu abin tuntuɓe.

Shawarar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta haƙuri da dangi. Wani dattijo ya tuna mana cewa 'yan'uwan Yesu ma ba su gaskata da shi da farko ba (Yohanna 7:5), amma daga baya ɗan'uwansa Yakubu ya zama jigo a ikilisiyar Urushalima. Don haka wanda gidansu suka juya masa baya kada ya yanke zumunci. Ya ci gaba da gaisuwa, ya je suna da biki da ta'aziyya, ya bar hali ya yi magana. A ganina wannan ce mafi nauyi, domin ƙin na gida ya fi na bare ciwo.

An kuma ce mu binciki kanmu. Sau nawa muke raina matashin da ya tashi wa'azi don mun san shi tun yana goye? Wata mama ta ce mu auna maganar da Nassi, mu daina tambayar ɗan wane ne.

Kan jayayya, Luka 4 ya nuna da mutanen Nazarat suka so jefa Yesu daga kan dutse, ya ratsa ta tsakiyarsu ya tafi Kafarnahum. Idan magana ta kai ga faɗa, a janye, a ci gaba da yi musu addu'a.