Neman kalmar Hausa: wasan hawa gajeren dutse babu igiya

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe 8 na safe nake da shiri a rediyo, an ba ni rahoto in mayar da shi Hausa. Labarin wasu matasa ne da suka wuni a dajin Fontenbulo, kimanin kilomita 60 kudu da Paris, suna wasan da Turawa ke ce wa boldarin. Ba tsauni suke hawa ba. Curin dutse ne da bai wuce mita 4 ko 5 ba, babu igiya, sai takalmi mai kama dutse, garin alli a hannu saboda gumi, da katifa a ƙasa. Mutum sai ya shafe rabin yini a dutse ɗaya, ya faɗo ya sake. Me zan kira shi? Ina ƙauyenmu kusa da Birnin Kudu, cajin wayata ba zai kai dare ba.

Ɗan Doguwa: Wa alaikumus salam. Hawan dutse mana, meye abin wahala?

Mai Shirin Wasanni: Yaya, in na ce hawan dutse, mai sauraro zai ɗauka Dala ko Goron Dutse aka hau. A cikin rahoton ma an bambanta shi da hawan dogon dutse da igiya, to ka ga kalma ɗaya ba za ta ɗauki biyun ba.

Malama Mai Nahawu: Tsarin dai a shirye yake: hawan ƙaho, hawan daushe, hawan sallah. Abin da ya rage shi ne kalma ta biyu. Hawan curi? Hawan fa ba zai yi ba, fa shimfiɗaɗɗe ne, ko akuya tana hawansa.

Tsohon Hedimasta: Ku dakata, yara. Sunan yana nan tun kafin a haife ku: hawan agwada. Duk wanda ya taso a gindin duwatsu ya san agwada, 'yar dabbar nan mai kama da zomo, ya ga yadda take maƙale a jikin dutse mai sulɓi ta haye kamar an ja ta. Ba igiya, ba tsani. Bahaushe da dabba yake siffanta motsi, shi ya sa muke da tafiyar hawainiya da barcin zomo.

Ɗan Doguwa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma yaran birni nawa ne suka taɓa ganin agwada? In dabba za a bi, ai ƙadangare ya fi kusa.

Tsohon Hedimasta: Ƙadangare bango yake hawa, ɗana, har bangon banɗaki. Kada ka ci mutuncin wasan mutane. Wanda bai san agwada ba, sai ya koya daga rediyo. Ai aikin rediyo ke nan.

Bakanon Legas: Ni ban ga abin wahalar da kai ba. A ce boldarin kawai. Wasan ya shiga gasar Olamfik tun ta Tokyo a 2021, duk wanda zai neme shi a YouTube da wannan sunan zai same shi. Mun karɓi mota, mun karɓi fenariti, wa ya mutu?

Tsohon Hedimasta: Mota ba mu da ita aka kawo mana. Dutse fa? Shi ma aro za mu yi? Wannan lalaci ne, ba ci gaba ba.

Bakanon Legas: Ranka ya daɗe, jihar da sunanta Jigawa, wato tudun rairayi, ita ce za ta koya wa Kano maganar dutse?

Tsohon Hedimasta: Babban birninmu me sunansa? Dutse. Tun 1991 da aka cire mu daga jikinku kuke wannan ciwon. Ka zo Birnin Kudu in kai ka Dutsen Habude da Dutsen Mesa ka ga zanen shanun da mutanen zamanin da can suka yi a jikin dutse, har da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Ku me kuke da shi, Dala da aka yi wa matakalar siminti?

Ɗan Doguwa: Baba, a bar Kano ta kudu a ciki. Dajin Falgore da duwatsun Riruwai ba a Jigawa suke ba. In ma wasan zai zo ƙasar nan, wurinmu zai fara sauka, lokacin hunturu, tunda an ce da sanyi hannu ya fi kama dutse.

Malama Mai Nahawu: Kuma don Allah in ya zo, kada kowa ya shafa wa zanen Habude alli. Amma mun bar bawan Allah yana jira. Ɗan'uwa, akwai sauran kalmomi?

Mai Shirin Wasanni: Akwai, Malama. Katifar na ce mata katifar dira. Wanda yake tsayawa a ƙasa da hannu a sama, ba don ya cafe mai faɗowa ba, sai don ya karkatar da shi kan katifa kada kansa ya bugu, na ce mai tarba. Wadda ta gagare ni ita ce hanyar da ake bi a jikin dutsen. Su matsala suke ce mata, har suna ba ta lamba da harafi gwargwadon wuyarta, kamar 6A ko 7B. In na ce "ya gama matsala uku kafin azahar", za a zaci rigima ya shiga.

Malama Mai Nahawu: Ka ce ƙulli. Ya warware ƙulli uku. A nan ma asirin wasan yake, gajere ne amma sai an yi tunanin inda yatsa zai shiga da inda dunduniya za ta maƙale. Shi ya sa nake ganin kokawar dutse ta fi duk wani "hawa" da muka jero.

Ɗan Doguwa: Ƙulli ya zauna daram. Kokawar dutse kuwa, sai a ce masu fasa dutse ake nufi.

Tsohon Hedimasta: Agwada ba ta kokawa da dutse, lallaɓa shi take yi. Mai shiri, kai da kanka ka karanta mana ɗazu cewa dutsen dajin nan na yashi ne.

Mai Shirin Wasanni: Ban kai ga faɗa ba, Baba, amma haka ne. Sun ce ba a hawansa bayan ruwan sama, don in ya jiƙe yana ɓantarewa. To ga abin da zan yi, caji ya kai kashi 6. A farkon shiri zan ce "hawan gajeren dutse babu igiya, wanda ake kira boldarin", daga nan in ci gaba da hawan curi. Katifar dira, mai tarba da ƙulli duk na ɗauka. Na gode ƙwarai.

Bakanon Legas: Hawan curi kamar ana maganar fura. Amma tunda boldarin ya shiga, na yi shiru.

Tsohon Hedimasta: Jimla guda ka ba su, ba suna ba. Gobe ina nan da rediyona a ƙofar gida, kuma in an buɗe layin waya ni ne na farko. Agwada zan ce.