Inda lissafin zaren bit ya tsaya mana

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na shafe watanni ina aiki da ƙa'idar Ryu da Takayanagi ta 2006 a fiziks ɗin holografi (fannin da ke danganta abin da ke cikin sarari da abin da ke bakin iyakarsa), wadda ta ce entrofin sarƙewa (ma'aunin yadda yanki ya sarƙe da sauran tsarin a fiziks ɗin kwantam) na wani yanki a bakin iyakar sarari shi ne faɗin shimfiɗa mafi ƙanƙanta da ta ratsa cikin sararin, a raba shi da 4G, inda G yake tsayayyen adadin Newton na ƙarfin jan nauyi. Lissafin bai ba ni wahala ba, ma'anarsa ce ta hana ni sakat, domin idan yankuna biyu suka matso kusa, shimfiɗar takan sauya siffa farat ɗaya, ni kuwa na kasa yarda cewa a kanta bayanin yake zaune. Wanda ya gwada zaren bit, wato lissafa entrofin ta ƙirga zaruruwan da ke ratsa sararin maimakon auna shimfiɗar, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Wata ɗalibar digiri na uku:
Wa alaikumus salam. Wannan tsallen ne ya kai ni ga aikin Freedman da Headrick na 2016. Sharuɗɗan biyu ne kacal: zare ba ya tsirowa ko yankewa a ciki, sai a bakin iyaka, sannan cunkoson zaren ba ya wuce 1/4G a ko'ina. Mafi yawan zaren da zai iya fita daga yankin shi ne entrofinsa. Na gane abin ne da na tuna ƙa'idar Ford da Fulkerson ta 1956 da muka karanta a darasin hanyoyin sadarwa, wato iyakar abin da zai kwarara daidai yake da abin da mashiga mafi ƙunci ke ɗauka. Ashe shimfiɗar mashiga ce kawai, kuma lokacin da take tsalle, zaren yana iya sauyawa sannu a hankali.

Wani malamin fiziks:
Malama ta yi gaskiya, sai dai akwai inda na yi tuntuɓe. Na gina kwararar zare ta tsagi guda na bakin iyaka a AdS3, wato sararin anti-de Sitter mai lanƙwasa, mai girma uku, abokin aikina ma ya gina tasa, suka fito daban, muka kwashe mako biyu kowa yana farautar kuskuren ɗan'uwansa, alhali dukkansu sun ba da entrofi ɗaya, (c/3) log(l/ε), inda l yake tsawon tsagin, ε ƙaramin tsawon da ake yanke lissafi a kansa, c kuma tsayayyen adadi na tsarin da ke bakin iyaka. Babu wanda ya yi kuskure. Kwarara mafi girma ba guda ɗaya ba ce, a kan shimfiɗar kaɗai aka ɗaure ta, a sauran wurare tana da sakewa. A ganina wannan sakewar ce ke sauƙaƙa hujjoji, ko da yake ta ci mana lokaci.

Wani ɗalibin lissafi:
Ni a yankuna uku na maƙale, inda kwarara ɗaya ta kasa tabbatar min da rashin daidaiton lissafi (inequality) da Hayden, Headrick da Maloney suka gano a 2011, mai cewa bayanin da yanki ɗaya ya haɗa da sauran biyun a haɗe ba ya gaza jimillar wanda ya haɗa da kowannensu daban. Sai da na koma kan aikin Cui da abokansa na 2018, mai haɗa kwarara da yawa a sarari guda, sannan ƙullin ya kwance.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Malam, a turo min ginin nan biyu na AdS3, da su zan fara.