Garantin dila ya ƙare, sai ga matsalar giya: akwai sauran hakki a doka?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga lauyoyi da masana mota. Mutum ne ya sayi mota 'yar Beljiyam a wajen dila a Kano, aka ba shi rasit da garantin wata ɗaya a kan inji da giya. Wata huɗu da saye sai giya ta fara fizga, fitilun gaban direba suna kamawa suna mutuwa. Bakanike ya ce alamu sun nuna motar ta taɓa nutsewa a ruwa tun can waje. Dila ya ce wa'adi ya wuce, kuma ga shi a rasit an rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayar da su. Shi ke nan an yi asara?

Barista A.:
Wa alaikumus salam, Malam. Garanti alkawari ne na dila, ƙarewarsa ba ta shafe hakkin da doka ta ba mai saye. Sai dai a raba abu biyu. Lalacewar da tsufa ya kawo bayan an yi ta hawa, wannan ta mai mota ce, babu kotun da za ta ɗora wa dila. Aibin da yake cikin motar tun ranar ciniki aka ɓoye shi, a nan maganar take.

Dokar gasa da kare hakkin masu saye ta tarayya, ta 2018, a sashe na 132 ta ba da wata uku daga ranar karɓar kaya a mayar da su idan ba su da inganci, a gyara, ko a canza, ko a dawo da kuɗi. Wata huɗu ya haura wannan, don haka kada a jingina da shi kaɗai. Amma dokar ta kuma haramta yaudara a wajen bayyana kaya, kuma rubutun "ba a mayarwa" a rasit ba ya halatta ha'inci. Ga kuma dokar cinikin kaya, wadda asalinta ta Ingila ce ta 1893: ɗan kasuwa in ya sayar da abin da sana'arsa ce, dole ya kasance yana iya aikin da aka saye shi dominsa. Abin da zai kare dila shi ne idan mai saye ya duba motar, kuma aibin irin wanda dubawa za ta nuna ne.

A fara da wasiƙa a rubuce zuwa ga dila: ranar saye, kuɗin da aka biya, aibin, abin da ake nema, da wa'adin kwana 7 ko 14. A sa ya sa hannu a kwafi. In ya yi kunnen ƙashi, sai koke ga FCCPC, wato hukumar gasa da kare hakkin masu saye ta tarayya, ko hukumar kare hakkin masu saye ta jiha. Kano tana da zauren sulhu a ƙarƙashin babbar kotu, ya fi sauri da sauƙin kuɗi. Shari'ar yarjejeniya a yawancin jihohi wa'adinta shekara 5 ko 6 ne, amma jinkiri na raunana neman a karɓi motar, sai dai a koma neman diyya.

Injiniya Gareji:
Duk abin da Barista ya faɗa ya dogara ne a kan hujja, kuma hujjar a jikin motar take. A ajiye ta yanzu. Kada a bari wani ya kwance giyabos kafin a ɗauki hoto, domin da zarar an kwance, dila zai ce bakanikenku ne ya ɓata.

A ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan daga Amurka motar ta fito, rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, zai iya nuna ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin ruwa ko hatsari, da nisan da ta yi a lokutan da aka rubuta shi. Sau da yawa ma hotunanta na wajen gwanjo irin Copart suna nan a intanet. Idan rahoton ya nuna mil 190,000 amma mita tana nuna 95,000, an juya ta ke nan, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi.

Sai a ɗaga kafet, ba na sama kaɗai ba, har soson da ke ƙasa. Busasshen laka a ramin safaya, tsatsa a ƙusoshin kujera, kore-kore a bakin soket ɗin wayoyi, tabon ruwa idan aka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe. Tsatsa irin wannan ba ta wata huɗu ba ce. Man giya kuma in ruwa ya shige shi yakan koma kamar an zuba masa madara, ya cinye kulocin ciki sannu a hankali, shi ya sa motar kan yi lafiya wata biyu ko uku kafin ta fara fizga. A sa kwamfuta a duba, a buga sakamakon a takarda. Rahoton kuma ya fito daga gareji mai rajista, da kwanan wata da sa hannun wanda zai iya tsayawa gaban alƙali.

Malam Na Zaure:
Allah Ya saka muku da alheri. Idan su biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ma hanya ce. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, wanda ya sami tsohon aibi yana da zaɓi: ya riƙe kayan a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wani sabon aibi ya auku a hannunsa, ko dai ya riƙe a biya shi ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya rage a wajensa. Sharaɗin "ba ruwana da aibi" ba ya kuɓutar da wanda ya san aibin ya yi shiru. Abin da mutane ke sakaci da shi: ci gaba da hawan mota bayan an gane aibin ana ɗaukarsa yarda ne, yana iya zubar da hakkin mayarwa. Hujja a kan mai ƙara take, rantsuwa a kan wanda ya musa.

Barista A.:
Ƙari ɗaya, Malam Baban Ilham. Kada a garzaya caji ofis don a matsa wa dila. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma dilan na iya juyowa ya yi ƙarar take hakkinsa. Sai in akwai shaidar cewa ya san an juya mita ko ya san ta ruwa ce, sannan magana ta zama cuta a ƙarƙashin sashe na 320 na kundin dokokin laifuka, wato Final Kod. A kuma duba sunan da ke kan rasit. Idan dillali ne ya karɓi la'ada, mai motar wani ne daban, a haɗa su biyun a wasiƙar. Saƙonnin WhatsApp da tallan da aka ce "ba ta taɓa hatsari ba" a adana su tun kafin a goge.