Wace kalma ce ta dace da roughing a Hausa? Ni dai ina goyon bayan ɓarza

'Yan'uwa masu aiki da injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, na daɗe ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin roughing, wato zagayen da ake kwashe mafi yawan ƙarfen da ba a buƙata daga jikin dunƙule kafin a zo ga gyaran ƙarshe. Wasu sun kawo sassaƙar farko, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin masassaƙin turmi ma da gatari yake rage gungume kafin ya ɗauki gizago. Matsalarta ita ce kalmar "farko" da ke cikinta, saboda a kaya mai lunguna da ramuka masu zurfi ana maimaita wannan aiki sau biyu ko uku, kowane zagaye da bakin yanka (ƙarfe mai haƙora da ke juyawa yana yankan kayan) mafi ƙanƙanta, alhali duk ba a kai ga gyara ba.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne ɓarza. Duk wanda ya taɓa kai masara inji ya san ɓarza ba ta neman laushi, sauri take nema, kuma ya san akwai aikin da ke biye da ita. An ce mini a ɓarzar hatsi abin da aka farfasa shi ake so, a nan kuwa zubar da shi ake yi. Gaskiya ne, amma ƙarfen da ya yi rara shi ake ɓarzawa, kayan kuma yana nan a ƙarƙashi, an bar masa kaurin kamar milimita 0.3 zuwa 0.5 domin zagayen ƙarshe, wanda nake so mu kira lailaya.

Inda kalmar ta fi nuna amfaninta shi ne wajen bayyana dabarun da manhajojin CAM, masu tsara wa inji hanyar da zai bi ya yanka, ke bi yanzu. A tsohuwar hanya, idan bakin yanka mai faɗin milimita 12 yana cin rabin faɗinsa, digiri 90 na kewayensa ne ke cikin ƙarfe, amma da zarar ya shiga kusurwar rami sai ya koma 180 nan take. A nan ne za ka ji kukan inji ya canza, ɓurɓushi ya cushe, zafi ya taru, wani lokaci haƙori ya ɓalle. Dole mai tsara aiki ya rage gudu a ko'ina saboda tsoron wannan kusurwa guda. Dabarar da manhajar Fusion ke kira Adaptive Clearing, Mastercam kuma Dynamic, SolidCAM kuwa iMachining, ita ce manhaja ta lanƙwasa hanyar bakin yanka yadda abin da yake kamawa ba zai wuce iyakar da aka sa masa ba. Sai ya ci milimita 1.2 kacal ta gefe, kimanin digiri 37, amma ya nutse har milimita 24, ta yadda duk tsawon haƙoransa ke aiki, ba tsininsu kaɗai ba. Da yake ɓurɓushin yana fita siriri, ana iya ƙara gudu sosai, kuma ɓurɓushin ne ke tafiya da yawancin zafin.

Wannan kamun shi nake kira cizo, dabarar kuma ɓarza mai daidaita cizo. Ɗalibin da ya ji sunan ya riga ya fahimci rabin darasin kafin a buɗe kwamfuta.

Saura zagayen da ƙaramin bakin yanka ke bin lungunan da babba ya kasa shiga, inda manhaja ke tuna siffar abin da ya rage don kada a ɓata lokaci ana yankan iska. Na sa masa ɓarzar kala, kamar masu bin gona bayan an cire gyaɗa. Idan akwai mai kalmar da ta fi lailaya dacewa da zagayen ƙarshe, ina so in ji ta, domin a kanta ne har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya ba.