Muhawara kan rigar saƙa ta tsibiran Aran

Hajiya Mai Saƙa: Jama'a, raina ya ɓaci da yadda ake tallar rigar sanyin Aran ta yammacin Ailan, wai kowane gida da salon saƙarsa domin a gane gawar masunci idan teku ta turo ta. 'Yan kasuwa ne suka ƙawata labarin. Rigar ba ta samu kamanninta na yau ba sai a farkon ƙarni na 20, bayan hukumar da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1891 ta taimaki matan karkara da koyon sana'ar hannu.

Malam Na Tarihi: Hajiya, ki janye kalmar taimako. Gwamnatin da yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan 1 a Ailan a ƙarƙashin mulkinta, yayin da jiragen ruwa ke fita da hatsi daga ƙasar, ba ta cancanci wannan yabo ba.

Alhaji Tela: Malam, ko maƙiyinka ne ya koya maka abin da za ka ci abinci da shi, ai ya taimake ka.

Malam Na Tarihi: Su wa ya koya wa? Matan nan suna kaɗi tun kafin a haifi hukumar. A bakin murhu suke saƙa da ulun da ba a wanke maiƙonsa duka ba, domin kada ruwan sama ya ratsa shi. A garin Youghal na kudancin Ailan kuwa, mata masu hidimar coci ne suka koyar da saƙar leshi, ba jami'an gwamnati ba.

Gwaggo: Madalla da kuka tuna da mata, domin kullum masaƙa maza na yankin Donegal na Ailan ake yabo, alhali mace ce ta kaɗa zaren.

Alhaji Tela: Gwaggo, wanda ya wuni a kan masaƙa shi ma gumi ya zuba, kada ki rage masa.

Gwaggo: Alhaji, da yake kai ma namiji ne, dole ka faɗi haka.

Malam Na Tarihi: Bari in taƙaita, tunda dare ya yi. Kowa ya amince cewa sana'ar ta mutanen Ailan ce, kuma hukumar mulkin mallaka ba ta cancanci yabo ba. Alhaji Tela ne kaɗai ya ƙi, kuma bai kawo hujja ba.