Me za mu kira "bureaucratie" da Hausa?

Malamin Damagaram: Salamu alaikum. Jibi ina da shiri a rediyo kan asalin kalmar Faransanci "bureau", wadda mu nan Nijar muke cewa biro. Tarihin yana hannuna. "Bure" wani yadin ulu ne mai kaushi. Shi ake shimfiɗawa kan teburin lissafin kuɗi, sai sunan ya koma kan teburin, daga baya ya bi ɗakin, har ya haɗa da ma'aikatan ciki. Inda na maƙale shi ne "bureaucratie", wato tsarin da ma'aikatan gwamnati ke juya al'amura da takardu da ƙa'idoji. Vincent de Gournay ne ya ƙirƙiro ta, masanin tattalin arziki da ya rasu a 1759, kuma ba'a yake yi wa jami'an Faransa. Me zan ce?

Hajiya Ta-Kano: Wa alaikumus salam. Mulkin ofis mana.

Ɗan Maraɗi: Ofis ai Ingilishi ne, Hajiya. Mulkin biro.

Hajiya Ta-Kano: Ɗana, in ka ce biro a Kano alƙalami za a miƙo maka. Namu sunan László Bíró ne, ɗan Hangari da ya yi rajistar alƙalaminsa a 1938. Ba dangin iya ba na baba.

Baba Na-Zariya: Ofis, biro, duk kayan aro! Ni "mulkin shimfiɗa" nake cewa, ya riƙe asalin yadin, kuma Hausa ce tsantsa.

Ɗan Maraɗi: Allah ya ja zamanin Baba, mulki ma daga Larabci yake. Sannan in aka ce shimfiɗa a rediyo, matan aure wani abu daban za su ji.

Baba Na-Zariya: Yaro bai san wuta ba. Masu ce wa makaranta lakwal, malami kuma mushe, su ne za su koya mini Hausa?

Ɗan Maraɗi: Ku fa, da ticha da firamare?

Hajiya Ta-Kano: Haba, bawan Allah yana jiranku. Ni da na yi wata huɗu ina bin takardar fansho, sunan abin nan "dawo-gobe".

Malamin Damagaram: Hajiya, wannan ya kama ba'ar Gournay sosai, sai dai ba ya nuna tsarin kansa. Zan ce "mulkin ma'aikatan biro", tunda masu saurarona 'yan nan ne, in kawo dawo-gobe a matsayin laƙabi.

Baba Na-Zariya: Kalma uku a wurin ɗaya. To, shirinka ne. Amma ka ambaci yadin.