Da gaske akwai fatalwa a tsohuwar mashayar Newport?

Auta: Assalamu alaikum. Jiya Asabar ni da abokan karatuna muka je garin Newport da ke jihar Rhode Island a nan Amurka, muka shiga White Horse Tavern. An gina gidan a 1652, aka mai da shi mashaya da masaukin matafiya a 1673, tun Turawan Ingila na mulkin ƙasar. Mutanen garin suna cewa akwai fatalwar wani dattijo da ya sauka a ɗakin bene, ya kwanta bai tashi ba. Ni dai ina tsaye kusa da murhu sai wani sanyi ya bi ta ƙeyata, tsikar jikina ta tashi, na kuma ji taku a matakala alhali babu kowa. Wallahi akwai wani abu a gidan nan.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, janye rantsuwar nan. Wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a bene. Buɗe Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100: mai mutuwa zai roƙi a mayar da shi duniya, a ce masa a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi.

Gwaggo: Alhaji, mamaci ba ya dawowa, na yarda. To aljanu fa? Tun muna yara mun san kufai da tsohon gini wurinsu ne. Yaron nan ba ya ƙarya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, Auta, me ya kai ka gidan giya?

Auta: Gwaggo, yanzu gidan cin abinci ne, amma gaskiya ana sayar da giya. Shayi kawai na sha.

Yaya: Ƙanena, ban ce ba ka ji ba, fassarar ce ban yarda da ita ba. Gidan katako ne da ya haura shekara 370. Idan aka hura wuta katako ya yi ɗumi sai ya buɗe, idan ya huce ya tsuke, shi ne ƙarar da kake ji kamar taku. Iska kuma ta bututun hayaƙi take saukowa, kai kuwa a bakin murhu ka tsaya. Sannan an riga an ba ka labarin kafin ka hau, kunnenka jira yake yi. Ka lura da wani abu: wannan dattijo ko suna ba shi da shi. Amma abin da ya faru da gaske a rubuce yake. William Mayes, ɗan mai gidan, fashin teku ya yi a Bahar Maliya, ya dawo ya karɓi mashayar a 1702. Majalisar mulkin yankin da kotu sun sha zama a ciki. Sojojin Ingila sun sauka a nan bayan sun mamaye garin a 1776. Labarin fatalwa kuwa, kasuwarsa ake ci, musamman a watan Oktoba.

Gwaggo: Kai kullum sai ka nemo wa abu dalili na boko. Ba duk abin da ido bai gani ba ne iska da katako.

Auta: Yaya, na san ƙarar katako, ɗakina ma na katako ne. Wannan taku ne, ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi.

Kawu: Hajiya, ban musa aljanu ba, sura guda aka saukar da sunansu. Amma ce wa gida kaza akwai su, wannan kutsawa cikin gaibu ne. Ya yi Ayatul Kursiyyu ya wuce. Maganarki ta biyu ita ce abin dubawa: an hana mu zama a teburin da ake zagaya giya.

Yaya: Auta, in matattu kake son tunawa, ba sai ka hau bene ba. Mashayar tana kan titin Farewell. Ka bi titin nan ka miƙe, za ka iske tsohuwar maƙabartar garin, da wani sashe da ake kira God's Little Acre, inda aka binne 'yan Afirka, bayi da waɗanda aka 'yanta. Jiragen Rhode Island sun yi tafiya sama da 900 zuwa gaɓar Afirka, galibi da giyar rake da ake dafawa a Rhode Island, ana musayarta da mutane a wurare irin su Anomabu a Ghana ta yau. Mutum sama da 100,000 suka kwaso. Wannan ne yake tayar mini da tsikar jiki. Akwai wanda ya ambata muku su jiya?

Auta: Ko mutum ɗaya. Wallahi ban ma san maƙabartar tana kusa haka ba.

Kawu: Wannan rantsuwar na karɓa.

Gwaggo: Allah sarki. Har da yara ƙanana a ciki ke nan.

Auta: Asabar mai zuwa in sha Allahu zan koma, maƙabartar zan nufa, ba zan shiga mashayar ba. Amma Yaya, takun nan har yanzu ina jin sa a kunnena, kuma ban yarda katako ne ba.